Daga Majemar Kano Zuwa Fadamar Haɗeja

A da, majeman Kano da bagaruwa da toka suke jima, kuma abin da suka zubar ƙasa ce ke cinye shi. A ƙarni na 20 ne masana'antun fata na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka koma amfani da sinadarin kuromiyam, saboda ya fi sauri.

Dagwalon wasu masana'antun yana gangarawa Kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. Ba kuromiyam kaɗai ke tafiya a cikinsa ba. Akwai dalma da tagulla da tutiya. Gansakuka ce ke fara shan wahala. Tagulla tana hana ta sarrafa hasken rana ta yi abinci, kuma idan ƙarafan suka cakuɗu, wani yakan ƙara wa wani dafi. Abin damuwa shi ne gansakukar nan ita ce abincin karfasa, karfasa kuwa ita masuntan Haɗeja ke kaiwa kasuwa.

Ban da gurɓatar ruwan, Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke wanke fadamar Haɗeja duk shekara. Ruwa ya lafa, laka ta taru, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa Nguru.