Takardar da Aka Haifa a Bakin Gada

Ɗalibin aikin jarida da aka tura wata ma'aikata domin sanin makamar aiki, sau da yawa abin da ake fara ɗora masa shi ne rubuta sanarwa ga manema labarai. Za a miƙa masa 'yan bayanai, a ce ya sa mafi muhimmanci a sakin layi na farko, ya faɗi abin da ya faru da wanda ya shafa da wuri da lokaci, kada kuma ya wuce shafi guda. Siffar takardar ba ta da wuyar koyo. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne inda ta samo asali, da nauyin da ta taho da shi tun ranar farko.

Asalin nata yana Amurka. Ranar 28 ga Oktoba, 1906, wani jirgin ƙasa mai aiki da lantarki ya kauce daga kan gada a Atlantic City ta jihar New Jersey, taragunsa suka afka cikin ruwa, mutum fiye da 50 suka rasu. Layin yana ƙarƙashin kamfanin Pennsylvania Railroad. A wancan zamani, idan hatsari ya auku, al'adar kamfanonin jiragen ƙasa ita ce su yi gum, su nesanta 'yan jarida da wurin, har ƙura ta lafa.

Mai ba kamfanin shawara a lokacin shi ne Ivy Lee, tsohon ɗan jarida da ya yi aiki a jaridun New York. Ya san cewa idan aka rufe wa ɗan jarida ƙofa, ba fasa rubutu zai yi ba, da jita-jita zai cike gurbin. Saboda haka ya shawo kan shugabannin kamfanin su fitar da bayani a rubuce, su kuma bar manema labarai su je su gane wa idonsu. Jaridar New York Times ta buga bayanin kamar yadda aka aiko shi. Wannan takarda ce galibi ake ɗauka a matsayin sanarwar manema labarai ta farko a irin siffar da aka sani yau.

Lee ya kuma aika wa editoci jerin ƙa'idojin aikinsa. Ya yi musu alkawarin cewa ba zai yi aiki a ɓoye ba, zai kawo musu sahihin bayani a kan kari, kuma zai taimaki duk editan da ke son tantance abin da aka aiko masa. A kan wannan alkawari sana'ar ta tsaya: edita yana karɓar takarda daga hannun mai ruwa da tsaki ne bisa amanar cewa abin da ke cikinta gaskiya ne.

Ba a yi shekara goma ba aka jarraba amanar. Ranar 20 ga Afrilu, 1914, dakarun jihar Colorado da masu gadin kamfani suka far wa sansanin mahaƙa kwal masu yajin aiki a Ludlow. Tantuna suka ƙone, aka tsinci gawar mata 2 da yara 11 a wani rami da suka ɓuya a ƙarƙashin tanti. Iyalin Rockefeller, waɗanda ke riƙe da kamfanin Colorado Fuel and Iron, suka ɗauki Lee ya wanke musu suna. Ya rarraba jerin takardu da sunan bayyana gaskiyar rikicin. A ɗaya daga cikinsu, an nuna albashin shekara guda na jagororin ƙungiyar ƙwadago tamkar kuɗin mako tara ne, don a ɗauka suna azurta kansu da wahalar ma'aikata.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1915, a gaban hukumar gwamnatin tarayya mai binciken dangantakar ma'aikata da masu kamfanoni, Lee ya amsa cewa daga masu ma'adinan ya karɓi bayanan, bai kuma tantance su da kansa ba. Marubuci Upton Sinclair ya yi masa laƙabi da sunan wani tsiro mai dafi, laƙabin ya bi shi har bayan rasuwarsa a 1934.

Mutum guda ne ya rubuta takardar Atlantic City da takardun Colorado, da alƙalami guda da gwaninta guda. Bambancinsu shi ne, a ta farko ya buɗe hanya a je a duba, a na biyun kuwa ya sa hannu a kan lissafin da bai bincika ba. Ɗalibin da ke zaune da takardar bayanai a gabansa yana tsaye ne a wannan mararraba. Shi ne mafi ƙanƙanta a ofis, amma jimlar da ya rubuta da safe tana iya fita a rediyo da yamma ba tare da an sauya harafi ba. Kafin ya miƙa takardar, akwai tambaya guda da ta wajaba ya yi wa wanda ya ba shi alƙaluman: daga ina aka samo su, wa kuma ya tabbatar?