Eriyar da Ke Sauya Fuska Ba ta Motsa Ba

Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Zariya kafin zuwan tauraron ɗan'adam ya san wahalar eriyar talabijin, yadda akan tura yaro ya rungumi doguwar gora yana murɗawa, na ɗaka suna ƙwala masa kira, "Ƙara kaɗan! Koma baya! Tsaya nan!" Wannan eriya mai haƙarƙari jere, wadda ba ta ji sai daga inda ta fuskanta, asalinta daga Japan ne, inda Shintaro Uda da malaminsa Hidetsugu Yagi suka bayyana ta a jami'ar Tohoku a 1926, ko da yake sunan malamin ne ya shahara, na almajirin kuwa ya kusa ɓata, kamar yadda aka saba.

Mas'alar juyawa ta fi tsananta ga masu rediyon oba-oba, domin su ba saurare kaɗai suke yi ba, har magana suke aikawa. A 1958 hukumar sadarwa ta Amurka ta keɓe wa talakawa tashoshi 23 a kan megahaz 27, abin da ake kira CB, kuma da rikicin man fetur na 1973 ya zo, direbobin manyan motoci suka rungume shi suna sanar da juna inda mai yake da inda 'yan sanda suka laɓe, sai abin ya zama ruwan dare, har aka mai da tashoshin 40 a 1977. Mai hali yakan sayi injin da ke juya eriya a bisa soro, amma inji yana da tsada, yana da nawa, iska kuma tana cin haƙoransa.

A nan ne hikimar kamfanin Antenna Specialists na birnin Cleveland ta bayyana, cikin eriyarsu mai suna Super Scanner. Sanduna uku ne na alminiyam, a tsaye ƙyam, an kewaye turke da su daidai wa daida, kowace tana kan hannunta. Idan mai ita ya murɗa makunni daga ɗakinsa, sai wasu ƙananan makullan lantarki da ke cikin akwati a mahaɗar hannuwan su miƙa wa sanda ɗaya wuta, biyun da suka saura su zama masu mayar mata da sautin gaba, ta haka fuska ta sauya nan take alhali ko ƙusa ba ta motsa ba. Matsayi na huɗu kuwa yana sa ta ji ta kowace nahiya.

To, kayan gwanjo na Turai da Amurka ba su daina kwarara cikin Nijeriya ba, kuma idan irin wannan ta faɗo hannun mai sayar da kayan wuta a kasuwar Gudu ta Abuja, ko mai gwangwan a gefen Apo, galibi rubutun jikinta ya riga ya goge, saboda haka tahaƙiƙi sai da ƙiyasi. A fara da awo, gama tsawon sanda ba ya ƙarya: ta CB takan kai mita biyar da 'yan kai, ta masu rediyon sha'awa a zangon mita 20 takan kai kimanin goma, ta zangon mita 2 kuwa mita ɗaya ce tak. Wurin ruɗani shi ne zangon mita 10, domin maƙwabcin CB ne, kuma da yawa sun datse tsofaffin sanduna suka mai da su can, sai ka ga bakin bututun da sawun zarto. Daga nan a ƙidaya wayoyin da ke hawa sama. Idan bayan kakkaurar waya mai jijiya ɗaya a tsakiya akwai wata siririya mai jijiyoyi da dama, amma babu inji mai juyawa, lalle makullai ne a can.

Kada dai makunni ya yaudari mutum. Moonraker da PDL II na kamfanin Avanti su ma suna zuwa da akwatin murɗawa, sai dai nasu yana zaɓa ne tsakanin sautin tsaye da na kwance, alamarsa kuwa wayoyi biyu masu kauri ɗaya; fuska kam dole a juya ta da inji ko da hannu.

Nijeriya ma tana da nata tarihi a wannan fanni, tun zamanin Turawa da laƙabin kiran 'yan Nijeriya ke farawa da ZD2, kafin ya koma 5N bayan samun 'yanci, kuma ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya tana nan. Abin takaici shi ne idan irin wannan eriya ta faɗa hannun mai gwangwan, da kilo yake saye, kuma abin da yake fara yi shi ne raba sanduna da akwatinsu, sandunan su tafi wurin masu narkar da tukwane, akwatin kuma a fasa shi don 'yar jan ƙarfen da ke ciki.