Tarihin Duban Osmosis a Ƙwayoyin Tsiro da Matsayinsa a Manhajar Kimiyya

Daga cikin gwaje-gwajen da aka saba sanyawa a darasin nazarin halittu na makarantun sakandare akwai na ɓawon albasa. Ɗalibi zai ɓare siririyar fatar jar albasa, ya shimfiɗa ta a kan gilashi, ya ɗiga mata ruwan gishiri, sannan ya duba ta a madubin likita, wato na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Cikin 'yan mintoci sai ya ga jan launin da ya cika kowace ƙwaya ya tsuke, ya janye daga bango. Idan ya musanya ruwan gishirin da tsabtataccen ruwa, launin yakan koma ya cika ƙwayar. A wannan sashe mun bi diddigin yadda aka kai ga wannan gwaji, domin tarihinsa na da abin faɗa game da yadda ya kamata a tsara koyar da shi da Hausa.

Robert Hooke, masanin Ingila, shi ne ya fara bayyana ƙwayoyin tsiro a shekarar 1665, bayan ya yanka totuwar ɓawon wata bishiya ya duba. Sai dai matattun ƙwayoyi ya gani, bango kawai ba komai a ciki. Batun ratsawar ruwa kuwa ta wata hanya dabam ya ɓullo. A 1748 Jean-Antoine Nollet na Faransa ya zuba barasa a kwalba, ya ɗaure bakinta da mafitsarar alade, ya nutsar da ita a ruwa. Bayan sa'o'i sai ya tarar mafitsarar ta kumbura, ruwa ya ratsa ta ya shiga fiye da yadda barasar ta fita. Wani Bafaranshen, Henri Dutrochet, ya ɗora a kan wannan a tsakanin 1826 da 1828, ya ƙirƙiri na'urar auna ƙarfin shigar ruwan, ya kuma ba shiga da fitar sunaye daga kalmar Girkanci mai ma'anar turawa. Daga sunayen nan ne kalmar osmosis ta samo asali.

An ɗauki lokaci kafin waɗannan hanyoyi biyu su haɗu. A tsakiyar ƙarni na goma sha tara masana tsirrai na ƙasashen Jamusawa suka fara lura da cewa rayayyiyar ƙwaya ba bango ba ce kaɗai. Nathanael Pringsheim a 1854 da Carl Nägeli a 1855 sun bayyana yadda abin da ke cikin ƙwaya ke rabuwa da bango idan aka sa ta a ruwan sukari ko na gishiri mai kauri. Ma'anar wannan a fili take: ruwan gishirin ya ratsa bango ba tare da wahala ba, abin da ya tare shi wani siririn tantani ne da ke manne da bangon ta ciki, wanda yake barin ruwa ya wuce amma ya hana gishiri. Madubin wancan zamani ba ya iya nuna tantanin kansa. Ta hanyar aikinsa aka san da shi, kuma haka abin yake a ajin sakandare har yau.

Wilhelm Pfeffer ya so ya auna ƙarfin da ke tura ruwan. Ya ɗauki tantanin sinadari da Moritz Traube ya gano a 1867, wanda ba shi da ƙwari, ya gina shi a cikin ƙofofin wata 'yar tukunyar yumɓu don ya jure matsi. Sakamakon da ya wallafa a 1877 ya nuna cewa ruwan da ke da sukari kashi 1 cikin 100 yana haifar da matsi kimanin kashi biyu cikin uku na matsin iskar da ke kewaye da mu, kuma matsin yana ƙaruwa gwargwadon yawan sukarin.

Amma a ganinmu wanda ya fi cancantar malami ya san shi shi ne Hugo de Vries na ƙasar Holan, mai sunan filasmolisis da ake kiran tsukewar da shi. De Vries ya mayar da ita kanta ƙwayar ma'auni. Ya zaɓi wani tsiron ado mai ganye ja-ja ta ƙasa, saboda launin yana sauƙaƙa gani, ya jera ruwaye masu kauri daban-daban, yana neman wanda a cikinsa tsukewar ta fara bayyana. A wannan mataki ƙarfin ruwan waje ya yi daidai da na ruwan cikin ƙwaya. Da ya kwatanta sinadarai a aikinsa na 1884, sai ya ga gishiri ya fi sukari jan ruwa ko da adadin ƙwayoyin sinadarinsu ɗaya ne. Shi ne kuma ya sanar da abokin aikinsa a Amsterdam, Jacobus van 't Hoff, alƙaluman Pfeffer. Daga nan van 't Hoff ya fitar da ƙa'idar matsin osmosis, aikin da ke cikin dalilan ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin sinadarai a 1901. Bambancin gishiri da sukari kuwa Svante Arrhenius ya warware shi a 1887, inda ya nuna cewa gishiri yana rabuwa gida biyu idan ya narke. Hanyar da ruwan ke bi cikin sauri sai a 1992 aka tabbatar da ita, lokacin da Peter Agre da abokansa suka nuna aikin ƙananan ƙofofin ruwa da ke jikin tantani.

Abin da muke so masu tsara manhaja su lura da shi shi ne jerin abubuwan: an gani, an auna, sannan aka kafa ƙa'ida. Darasi kuwa sau da yawa yakan juya jerin, a fara da haddar ma'ana, a bar madubi sai in lokaci ya rage. Alhali kayan aikin ba su da tsada, jar albasa ta kasuwa tana yin abin da tsiron de Vries ya yi, kuma ɗalibi ya riga ya ga yankakkiyar albasa tana tsatsafar da ruwa idan aka barbaɗa mata gishiri, ya ga shuka ta yi yaushi idan takin zamani ya yi mata yawa. Muna ba da shawarar a ƙara mataki ɗaya a kan gwajin da aka saba: maimakon ruwan gishiri iri ɗaya, a haɗa huɗu ko biyar masu bambancin kauri, ɗalibai su ƙirga ƙwayoyin da suka tsuke a kowanne.

Akwai kuma matsalar kalmomi, wadda ita ce ta fi shafar aikinmu. A wasu rubuce-rubucen Hausa ana kiran ƙwayar kanta tantanin halitta. A wannan darasi hakan zai rikita ɗalibi, domin dukkan bayanin ya rataya ne a kan bambance abubuwa uku. Don haka muka tsayar da ƙwaya ga ɗakin gaba ɗaya, bango ga kewayen waje mai tauri wanda ba ya tsukewa, tantani kuma ga siririn rufin da ke janyewa. Osmosis da filasmolisis a bar su a matsayin aro, amma kada malami ya ambace su sai ɗalibi ya zana abin da ya gani kafin zuba gishiri da bayansa, ya kuma faɗi da bakinsa inda ruwan ya tafi.