Daga Alkakin Gara Zuwa Dam Ɗin Bakolori

Duk wanda ya taɓa ganin an sauke garar amarya a Jangebe ko Talata Mafara ya san ba buhun shinkafa ake fara dubawa ba. Fantekar alkaki ake fara leƙawa, domin da ita dangin ango ke auna hannun uwar amarya. Aikin kwana biyu ne. A ɓarza alkama, a murje tsakin da mai, a zuba nono mai tsami ko yis, a rufe ya kwana. Washegari a mulmula, a naɗe kamar ƙulli, a soya a wuta marar ƙarfi, sannan a tsoma cikin zuma ko sukarin da aka dafa da lemun tsami. Mai gaggawa kan kwashe nata baya ya yi ja, ciki ɗanye, kuma sai an shekara ana ba da labarinta a unguwa.

Sunayen kansu sun nuna hanyar da abin ya biyo. Alkama, alkaki, gurasa, kirfa da kanumfari duk daga Larabci Hausa ta aro su, ta bakin fataken da ke ratso Sahara zuwa Kano da Katsina. Sai dai alkama ba ta son zafi. A hunturu kaɗai take yi, a da kuma a ɗan fili cikin fadama ake shuka ta, ana ɗebo mata ruwa da jigo. Shi ya sa ta zama abincin fada da gidan attajiri, talaka kuwa sai ranar salla ko biki. Tuwon dawa da furar gero su ne na kullum.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ne suka sauya lissafi. Burodi da shayi suka zama kalacin birni, jiragen ruwa na ta sauke alkamar Amurka a Legas. Gwamnati ta ce ai mu ma za mu iya nomawa. Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina dam ɗin Bakolori a kan kogin Sakkwato, da niyyar shayar da dubban kadada a ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun, a riƙa noma alkama da shinkafa da rani.

A takarda abin gwanin sha'awa ne. A ƙasa kuwa ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tayar da dubban mutane, wasu kuma aka hana su shuka ana baje musu gonaki da katafila. Diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin, suka ce ba mai wucewa sai an biya su. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa (lokacin yankin yana cikin jihar Sakkwato, ba a yi Zamfara ba sai 1996), 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Adadin mamatan da gwamnati ta bayar bai kai talatin ba. Mutanen yankin suna cewa ɗaruruwa ne, kuma har gobe dattawa na rage murya idan zancen ya taso.

Alkamar da aka yi duk wannan dominta ba ta taɓa isar ko da gidajen burodin Arewa ba. A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, suka fitar da littafin The Wheat Trap, suna nuna yadda Nijeriya ta faɗa tarkon son abincin da ƙasarta ba ta iya bayarwa da arha. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, bayan 'yan shekaru aka janye dokar.

Abin ban dariya, ƙasar waɗancan masana ita ce gidan naɗaɗɗen burodin kirfa da 'yan matan Gusau da Kano ke koya yanzu ta waya. Mutanen Suwidin har rana suka ware masa, 4 ga Oktoba. Ana murza ƙullun fulawa ya yi faɗi, a shafe da bota da sukari da garin kirfa, a naɗe kamar tabarma, a yayyanka a gasa. Amurkawa suka ƙara masa da shafen cuku mai laushi a sama. Na ɗanɗana, ba laifi, ƙamshinsa kan cika gida. Amma fulawarsa yawanci ta alkamar waje ce, kirfar daga Asiya, cukun kuma ba ya kwana ba firji. Ina ganin shi ya sa har yanzu bai shiga gara ba. Amaryar Jangebe kan tura alkakinta ƙarƙashin gado, ta yi makonni tana ciro wa baƙi bibbiyu.