Tsohon da Bai Ɓoye Furfurarsa Ba: Labarin Rembrant Mai Zane

A taron zumunta na makon jiya an yi mana tambaya: shin ya dace yaron da ya ba da ransa ga Yesu ya ɗauki zane ya zama sana'arsa, ko kuwa wannan aikin 'yan duniya ne? Lokaci bai bar mu mun amsa yadda ya kamata ba. Shi ya sa muka ga ya fi kyau mu kawo muku labarin wani mai zane da ya rayu shekara wajen 400 da suka wuce. Tun yanzu muna gaya muku, ba mun kawo shi don ku yi koyi da halinsa ba ne.

An haifi Rembrant a shekarar 1606 a garin Laidin na ƙasar Holan. Mahaifinsa mai injin niƙa ne. Ƙasar da ya tashi a ciki ta sha rikici a kan hotuna: a 1566, shekara 40 kafin haihuwarsa, masu bin gyaran ikkilisiya sun shiga majami'u suna farfasa mutum-mutumi da zane-zane, suna cewa bautar gumaka ce. Saboda haka majami'un da Rembrant ya sani bangonsu fari ne fat, sai bagadin wa'azi da Littafi Mai Tsarki. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Johanna Veenstra, wadda ta iso yankin Takum a 1921, jinin mutanen Holan ce da aka haifa a Amurka, daga reshen wannan ikkilisiya ta fito, kuma yawancin majami'unmu har yau ba su da hoto a bango in ban da kalanda.

To, in ikkilisiya ba ta sayen zane, wa zai saya? 'Yan kasuwa da masu gida. Wannan ne ya sa masu zanen Holan suka koma ga rayuwar yau da kullum: mace tana zuba madara, tsoho yana karatu, yara a ƙofar gida. Rembrant ya ɗauki wannan ido ya shiga da shi cikin Littafi Mai Tsarki. In ya zana Maryamu da Yusufu, ɗakin kafinta za ka gani da kayan aiki a rataye. A 1631 ya zana wata tsohuwa tana karatun babban littafi, ana ɗauka annabiya Hannatu ce, ana kuma zaton mahaifiyarsa ce ta zauna masa. Abin da hasken hoton ya fi sauka a kai shi ne littafin da hannunta mai tamoji a kan shafin. Mai zane ɗan shekara 25 ne ya tsaya ya bi kowace jijiya ta hannun tsohuwa da irin kulawar da wasu ke ba fuskar budurwa.

Da ya koma Amstadam sai kasuwa ta buɗe masa. Ya auri Saskiya, 'yar babban gida, a 1634. Kusan 1635 ya zana kansa da ita: shi da hula mai gashin tsuntsu da takobi, ya ɗaga kofin giya yana dariya, ita kuma tana zaune a cinyarsa. Masana sun yarda cewa ɗan nan ɓatacce na Luka 15 ne yake kwaikwayo, a lokacin da kuɗin gado bai ƙare ba tukuna. Ko wasa yake yi, ko ya hango halin kansa, sai ga shi abin ya zama gaskiya. A 1639 ya sayi katafaren gida a kan gilda 13,000, kuɗin ƙasarsu ke nan, bai iya biya duka ba. Yana ta sayen kayan tarihi, da sulke, da zane-zanen wasu, kamar gobe ba za ta zo ba.

Baƙin ciki bai jira ba. 'Ya'yansu uku na farko duk sun mutu suna jarirai. Na huɗun, Titus, ya rayu, amma Saskiya ta rasu a 1642 tana da shekara 29, yaron bai cika shekara ɗaya ba.

A nan ne labarin ya yi muni, kuma ba za mu rufa masa asiri ba. Matar da aka ɗauko don renon Titus, Gertiya, ta zama kamar matarsa ba tare da aure ba. Da ya juya mata baya ta kai ƙara cewa ya yi mata alkawarin aure, aka ce ya riƙa biyanta gilda 200 a shekara. A 1650 ya sa hannu aka kulle ta a gidan horo a garin Gauda, ta yi shekara biyar a can. Sai kuma Hendrikiya, wadda ta zauna da shi har mutuwarta. Bai aure ta ba, domin wasiyyar Saskiya ta ce in ya sake aure zai rasa cin moriyar dukiyarta. A 1654, tana da ciki, dattawan ikkilisiya suka kira ta, ta amsa laifinta, aka hana ta cin Jibin Ubangiji. Shi kuwa ba a kira shi ba, don sunansa ba ya cikin littafin membobi. Mu da muke zama a majalisar dattawa, wannan wurin ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai, gama har yanzu sau da yawa mace ce ke zama a bencin horo, namijin yana yawonsa.

A 1656 bashi ya ci shi. Aka rubuta kayan gidansa ɗaki bayan ɗaki, aka yi gwanjonsu, gidan ma aka sayar. Ya koma haya a unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Hendrikiya da Titus suka kafa kamfani suka ɗauke shi kamar ma'aikacinsu, don kada masu bin bashi su kwashe abin da zai samu. A 1662 har kabarin Saskiya ya sayar. Hendrikiya ta rasu a 1663. Titus ya yi aure a 1668, ya mutu a cikin wannan shekarar, kafin a haifi 'yarsa.

Duk tsawon wannan lokaci akwai abin da bai daina ba: duban madubi. Ya bar hotunan kansa kusan 80, tun yana saurayi mai yamutsattsen gashi har shekarar mutuwarsa. Biyu daga ciki suna gidan adana zane na birnin Landan. A na 1640 yana da shekara 34, sanye da tufafin alfarma, ya jingina hannu kamar basarake. A na 1669 yana da 63: fuska ta kumbura, hanci ya yi ja, fata ta saki, hannuwa a harɗe. Mutumin da ya iya sa attajiran Amstadam su fito da kyau a zane, ai zai iya rage wa kansa shekara goma. Bai rage ba. Mukan yi tunanin wannan in muka ga yadda muke goge kowane tabo da waya kafin mu sa hoto a Facebook, da yadda iyayenmu mata na zumunta kan ja da baya in an zo ɗaukar hoto, suna cewa su sun tsufa, a bar yara su tsaya gaba. Wa ya koya musu cewa fuskar da ta yi shekara 50 tana addu'ar asuba ba ta cancanci a gan ta ba?

A ƙarshen ransa ya koma ga Luka 15. Zanen babba ne, tsawonsa ya fi mita biyu da rabi, yana birnin San Pitasbag na Rasha tun 1766. In kuna da data, ku neme shi ku duba a hankali. Ɗan ya durƙusa, ya ba mu baya, kansa a aske kamar fursuna, rigarsa tsumma. Takalmi ɗaya ya fita, tafin ƙafar duk rauni, ɗayan kuma dunduniyarsa ta cinye. Uban tsoho ne tukuf, idanunsa kamar ba sa gani sosai, ya sunkuyo ya ɗora hannuwa biyu a bayan yaron. Masu lura sun daɗe suna cewa hannun ɗaya faffaɗa ne mai ƙarfi, ɗayan siriri mai taushi. Ba gudu, ba kiɗa, ba ɗan maraƙi. A gefe wani dogon mutum yana tsaye da sanda, ya haɗa hannuwa, yana kallo bai matso ba. Yawanci ana ɗauka wan ne, ko da yake a cikin labarin yana gona a wannan lokacin. Rembrant ya jawo shi ciki, ya tsai da shi inda mu masu zuwa sujada kullum muka fi tsayawa.

Ba mu ce ya tuba ba, wannan tsakaninsa ne da Allah. Abin da muke iya gani shi ne, wanda ya zana kansa da kofi a sama yana ɗan shekara 29, da ya kai 60 da ɗoriya bai sa fuskarsa a gaba ba, kuma wanda ya zana da ɗaukaka duka shi ne tsohon. Tun a 1633, da yake zanen yadda aka ta da gicciye, ya sa kansa cikin masu ɗagawa, da hula shuɗiya ta zamaninsa. Mun sha jin wa'azi a kan cewa zunubinmu ne ya kai Almasihu can, amma ba mu cika ganin mai wa'azin da ya nuna kansa a cikin taron haka ba. Ga wanda ya yi tambayar nan a zumunta, amsarmu ke nan: ka yi zanenka, ka koye shi da kyau, amma ka sani baiwar hannu ba ta wanke wa Rembrant abin da ya yi wa Gertiya ba.

Ya rasu ranar 4 ga Oktoba 1669, aka binne shi a kabarin haya cikin wata majami'ar Amstadam, ba dutse ba suna. A ɗakin aikinsa an tarar da zane da bai gama ba: tsoho Saminu a Haikali, riƙe da jariri Yesu. Ya taɓa zana wannan labari a 1631, da dogayen ginshiƙai da matakala da taron jama'a da haske mai ban mamaki. A na ƙarshen duk ya zubar da waɗannan. Saura tsoho mai farin gemu, idanu kusan a rufe, baki a ɗan buɗe, jaririn kwance a kan damatsansa domin yatsun sun sandare ba su riƙe shi ba. Zanen yana birnin Istokholm na ƙasar Suwidin.