Waya Ta Uku: Yadda Tsadar Jan Ƙarfe Ta Sauya Wayarin Amurka

Ranar 4 ga Satumba, 1882, Thomas Edison ya tayar da injinan tasharsa ta titin Pearl a birnin New York, fitilu kusan 400 suka kama a ofisoshi da shaguna. Jama'a na ta murna, amma masu riƙe da littafin kuɗin kamfanin sun san da sauran rina a kaba. Wutar mai bolt 110 ce, mai gudu ta fuska ɗaya, kuma ba ta da dogon zango. Duk tsawon da waya ta ƙara, ƙarfin wuta na zubewa a hanya. Na kusa da tasha fitilarsa tar, na ƙarshen layi kuwa sai ja-ja. Abin da ya wuce kimanin mil guda, ba ta kai masa da wani ƙarfin kirki.

Maganin da aka sani shi ne a kaurara waya, ga shi jan ƙarfe da ɗan karen tsada. A tsakiyar New York, inda gini ke manne da gini, ciniki zai iya mayar da kuɗin. A ƙananan garuruwa masu gidaje a warwatse kuwa, kuɗin waya kaɗai ya isa ya durƙusar da kamfani.

Mafita ta zo wa mutum biyu kusan lokaci guda. John Hopkinson, injiniya ɗan Ingila, ya yi wa dabarar rajista a 1882, Edison kuma ya samu tasa takardar a Amurka a watan Maris na 1883. Aka jera janareta biyu masu bolt 110, ɗaya a bayan ɗaya, tsakanin wayoyin gefe biyu ya zama bolt 220, sannan aka ja waya ta uku daga mahaɗarsu. Ita ce masu wayarin ke kira nutural. Rabin fitilu na wannan gefe, rabi na wancan, kowace tana shan 110 ɗinta. Abin kamar mangala ne a bayan jaki: in kayan gefe biyu sun yi daidai, babu abin da ke rinjaya. Wayar tsakiya bambancin kawai take ɗauka.

Nan ribar take. Ninka bolt sau biyu na sa a iya isar da wuta iri ɗaya da rubu'in jan ƙarfen da. Ko an ƙara ta ukun mai kauri ɗaya da sauran, abin da za a saya kashi 37.5 ne cikin 100 na da. Garin Sunbury a jihar Pennsylvania ne ya fara gani, ranar 4 ga Yuli, 1883, da wayoyi a kan turaku, aka haska otal ɗin da daga baya aka raɗa wa sunan Edison. A watan Oktoba garin Brockton ya bi sahu, nasa a binne a ƙasa.

Daga baya wutar kamfanin Westinghouse mai kai-da-komo, wadda taransifoma ke ɗagawa da saukewa, ta kori ta Edison daga kasuwa. Wayar ta uku dai ba ta bi ta ba. Har yau gidajen Amurka waya uku ke shigar musu, bolt 120 a kowane gefe, 240 a tsakaninsu, kuma cikin gida ma akan ja layi biyu su yi tarayya a nutural ɗaya.

Lissafin ma bai tsufa ba, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A ce turjiyar kowace waya om 0.2 ce. Layi mai waya biyu da ke jan amfiya 15 zai yi asarar bolt 6, uku a zuwa uku a dawowa, wato kashi 5 cikin 100 na bolt 120. Kundin ƙa'idojin wayarin na Amurka, wanda aka fara fitarwa a 1897, yana ba da shawarar kada asarar layin cikin gida ta wuce kashi 3. In waya uku ce kuma kowane gefe na jan 15, nutural ba ta ɗauke da komai, asarar ta koma bolt 3. To, in ɗaya na jan 15 ɗaya 10 fa? Nutural ta ɗauki 5, bolt 1 ya faɗi a kanta. Gefe mai nauyi ya yi asarar 4, marar nauyi kuwa 1 kacal, domin a wajensa wannan bolt ɗin ragi ne a kan 2 da ya rasa. Wanda ya saba ninka tsawon waya sau biyu kawai, a nan yake ɓata lissafi.

Araha ba ta zo haka nan ba. In aka yi kuskuren ɗaura layukan biyu a gefe ɗaya, nutural za ta ɗauki 25 maimakon 5, ta yi zafi a cikin bango babu mai gani. In kuma ta tsinke, bolt 240 zai rabu yadda ya ga dama, ƙaramin kaya ya sha kaso mafi yawa ya ƙone. Shi ya sa tun bugun 2008 kundin ya wajabta makunnin da zai yanke layukan biyu tare.

Unguwannin Kano da Maraɗi ba su bin tsarin Amurka, amma layi uku da ke fitowa daga taransifoma su ma nutural ɗaya suke tarayya a kai. Duk wanda ya ga fitilunsa sun yi haske fiye da kima alhali na maƙwabci sun dushe, ya kashe wutar gidansa nan take, ya kira ƙwararren mai gyara.