Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Cirani: Tarihin Da Ke Jiran Alƙalaminmu

Wannan makon gida za mu leƙa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke so, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga haraji na jiransu. Da aka kai layin dogo Nguru a 1930, ta Ringim, Gagarawa da Malam Madori, sai ƙasar Haɗejiya, har da Kafin Hausa, ta shiga wannan ciniki gadan-gadan. Jakuna da raƙuma na kai buhuna tasha, dillalai na jira a bakin sikeli, attajirai irin su Alhassan Ɗantata na tara dala a Kano. Da kuɗin kaka ake biyan haraji, a yi aure, a sayi keke.

Sai dai ɗanyarta ake fitarwa, ribar sarrafa ta kuma can waje take tsayawa. Farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, gwamnati kuma ta koma kan man fetur. Dala ta ɓace, cirani ya ƙaru. An ƙirƙiro Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, yau riɗi da zoɓo ne suka gaji gyaɗa, su ma galibi ɗanye suke fita.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Ƙasar Suwidin ta sha yunwa daga 1867 zuwa 1869, kuma tsakanin 1850 da 1930 sama da mutum miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa Amurka. Amma tun 1842 doka ta tilasta wa kowace gunduma buɗe makaranta, daga baya suka riƙa sarrafa katako da ƙarfensu a gida. Marubucinsu Vilhelm Moberg ya zuba labarin ƙaurar nan a littattafai huɗu, daga 1949 zuwa 1959, shi ya sa jikoki ba su manta ba.

Mu fa? Tun 2013 akwai jami'a a Kafin Hausa, amma dattawan da suka auna gyaɗa a Malam Madori suna ta ƙarewa. Kafin ka sake ƙirƙirar wani attajiri a Dubai, je ka zauna da kakanka, ka tambaye shi nawa ya sayar da buhu, wa ya danne masa sikeli, me suka ci a shekarar fari. Rubuta, ka kawo mana. Allah Ya yi mana jagora.